Kuɗin Wuta da Barcin Iyali: Yadda Muke Lissafin Zafi da Sanyi a Gidanmu na Zariya

A cikin birnin Zariya na tashi, a gidan ƙasa mai soraye da rufin azara, kuma ban taɓa jin wani babba a gidan yana maganar kuɗin sanyaya ɗaki ba. Da azahar ɗin bazara, idan mutum ya shiga ɗakin kakarmu, sanyi ne yake fara tarbarsa tun daga bakin ƙofa, ga randa a kusurwa da ruwanta mai ƙamshin ƙasa. Katangar tubali mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, shi ya sa a hunturu ɗakin yake da ɗumi, a bazara kuma ake fitowa da tabarmi tsakar gida a kwanta. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a ƙarni na 19, sun san halin ƙasar nan da halin ranarta.

Yanzu ina zaune da iyalina da mahaifiyata a gidan bulo da rufin kwano a wajen ganuwa. Na gina shi ne da gaggawar mai gudun haya, har muka tare ɗakuna biyu babu silin. Kwano ba ya riƙe komai: rana tana fitowa ya ɗauki zafi ya zubo mana shi, tana faɗuwa ya huce. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan doshi digiri 40, a Disamba da Janairu kuwa sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Abin da katangar ƙasa take ba mu kyauta, yanzu da kuɗi muke sayensa sau biyu a shekara.

Lissafin bai tsananta ba sai bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, domin daga nan tayar da janareta saboda fanka kawai ya zama abin da sai an yi shawara. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wuta na masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ce su suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage shi daga baya. Wata rana na zauna da biro da takarda, na bi kayan wutar gidan ɗaya bayan ɗaya ina karanta ƙarfin da aka rubuta a jikinsu. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya, wadda muke kira esi, tana cin kusan yunit guda a kowace awa muddin injinta yana aiki bai huta ba. Idan aka ɗauki yunit a naira 200, kwana guda na awa takwas zai iya kaiwa naira 1,500, wata guda ya haura naira 40,000, a ɗaki ɗaya tak. Fankar sama kuwa ƙarfinta bai wuce wat 75 ba, ko yunit ɗaya ba ta cinyewa a dare guda, wato sai an haɗa fanka goma kafin su kamo esi ɗaya. Na kuma gano cewa duk abin da aikinsa dumama wani abu ne, kamar hitar da ake tsomawa a bokiti da dutsen guga da butar lantarki, ba ya gaza esi ci, wani ma ya fi ta.

Da na ga waɗannan alƙaluma sai na yi kuskuren da nake ganin magidanta da yawa suna yi, na kafa doka cewa kada a sake kunna esi sam. Azumin 2024 ya faɗo ne a tsakiyar zafi, daga Maris zuwa farkon Afrilu. Jaririyarmu ta fito da ƙurajen zafi a wuya da baya, tana kuka har sahur, uwarta ba ta runtsa ba, gari ya waye tana azumi tana hidimar gida da jajayen idanu. A dare na huɗu da kafa dokar ta same ni a tsakar gida ta ce, "Malam, kuɗin da kake tattalinsa a mita, a kemis za mu je mu zube shi." Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce. Na lissafa yunit, ban lissafa barcin mai shayarwa ba, kuma ciyar da iyali da aka ɗora wa maigida bai tsaya ga hatsi da cefane ba.

Daga nan na sauya tambayar da nake yi wa kaina. Na daina tambayar yadda zan sanyaya gidan, na koma tambayar wa ya fi bukata, a wane ɗaki, kuma a waɗanne sa'o'i. Kuɗin farko da na samu silin na sa da shi, kuma a ganina babu kuɗin da na kashe a gidan da ya fi shi amfani, tunda sau ɗaya aka biya amma yana aiki a bazara da hunturu duka, ko da wuta ko babu. Muka koyi rufe tagogi da sakin labule tun hantsi don kada iska mai zafi ta shigo, sai bayan magariba a buɗe tagogin da suke kallon juna iska ta ratsa. Muna yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma, wani lokaci mu jiƙa zani mu rataya a taga. Wannan dabarar tana ci a Maris saboda iskar a bushe take, ruwan yana ƙafewa da sauri ya tafi da zafi. Idan hadari ya fara haɗuwa a Mayu iska ta yi nauyi, sai dai ta ƙara wa ɗaki gumi. Esi tana ɗaki ɗaya, inda uwa da yara suke kwana. Ana kunna ta bayan isha'i a kan digiri 26 tare da fanka, ta yi awa biyu ko uku ta kashe zafin da bango ya tara, sannan fanka ta ƙarasa daren. Na sayi fanka mai caji da ƙaramin faifan sola saboda daren da aka ɗauke wuta. Na kuma dasa dogon yaro a yammacin gidan, duk da na san sai an yi shekaru kafin inuwarsa ta kai rufi.

Hunturu ya fi ba ni tsoro, ko da yake kuɗinsa bai kai na bazara ba. Mahaifiyata Hajiya ta saba da kaskon garwashi tun ƙuruciyarta, kuma ƙafafunta ba sa son sanyi. Wata asuba a Janairu na shiga gaishe ta, na tarar an toshe ƙofa da taga da tsummoki, kasko yana gefen gado da toka a kansa, ita kuma tana zaune ta dafe kai. Na durƙusa na ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Ta ce kanta ne yake sarawa, kuma jiri yana ɗibarta. Na wangale ƙofa da taga, muka fito da ita waje, daga baya muka je asibiti. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake bukata, kuma mai barci ba ya jin shigowarta. Irinta ce take fita daga janareta, shi ya sa ba a ajiye shi a ɗaki ko a soro ko kusa da taga. A tsohon gidanmu ɗakin yana da tsawo, ƙofar kuma asabari ne ke rufe ta, iska tana samun hanya. Ɗakin bulo mai ƙofar ƙarfe da tagar gilashi ba haka yake ba.

Ban iya cewa Hajiya ta bar kaskonta kai tsaye ba, sai da na bi ta wajen ƙanwarta aka lallashe ta. Hitar ɗaki ta lantarki ba ta zama mafita ba, domin tana cin yunit ɗaya zuwa biyu a awa, ga haɗarin gobara idan bargo ya taɓa ta. Abin da muka daidaita a kai shi ne a shigar da kaskon bayan magariba ƙofa a buɗe, ta gasa ƙafafunta ta yi hirarta da jikoki, kafin ta kwanta a fitar da shi. Na shimfiɗa darduma mai kauri a kan simintin ɗakin, na ƙara bargo biyu da safa da hular sanyi, tunda dumama jikin mutum ya fi dumama ɗaki sauƙi da araha. Ruwan wankan yara ana ɗora shi a kan sauran wutar girkin safe maimakon a tsoma hita.

Ruwan alwalarta na asuba kuwa tun da dare ake dafa shi a zuba a babban fulas, a ajiye mata kusa da buta. Makon jiya ta aiko jikarta ta gaya mini cewa murfin fulas ɗin ya fara saki, ruwan yana hucewa kafin kiran sallar farko, don haka ranar Asabar zan shiga kasuwar Sabon Gari in nemo wani kafin sanyin bana ya kankama.