Godiya ga mutanen Tawa da na Yamai kafin in tashi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Tun ranar Asabar da aka watse daga addu'ar da aka yi mini a ƙofar gidanmu a Tawa nake son in rubuta wannan, sai yau da na iso Yamai na samu natsuwa. Wallahi ban zaci jama'a za ta taru haka ba. Tabarmin gidanmu suka ƙare, aka aro na masallaci, aka aro na maƙwabta. Malaman da suka sauke Alƙur'ani, matan unguwa da suka yi asubanci a bakin murhu, samarin da suka kafa rumfa cikin rana, Allah ya saka muku da alheri, ya biya muku bukatunku.

Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, karatun bai ƙare ba har yanzu? Likita za ki zama ko me?" Mutane da yawa sun yi mini wannan tambayar, kuma kun cancanci amsa, tunda da kuɗinku da addu'arku na kawo nan. Jamus za ni, in yi doktora a kan mikroskop, wato madubin likita.

Abin ya samo asali ina 'yar shekara 14. Ƙarshen damina ne, lokacin da masassara ke kwantar da yara gida gida, ƙanena ya kwana yana rawar ɗari. Muka kai shi asibiti. Wani dattijo a labo ya soki yatsansa, ya shafa jinin a kan gilashi, ya bar shi ya bushe, ya zuba masa launin Giemsa, sannan ya ɗiga mai. Babu kuran a ranar, sai ya juya ɗan madubin da ke ƙasan na'urar ya fuskanci taga. Da ya ga na ƙura masa ido, ya ce, "Zo ki ga abin da ke cin ɗan'uwanki." Na sa ido. Wasu ƙananan zobba ne shuɗaye, kowane da ɗigon ja a gefe. Ya ce sunansu Plasmodium falciparum, kuma an ƙara girmansu sau 1,000 kafin in iya ganinsu. Daga baya a lakkwal na karanta cewa Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar a cikin jinin mutum a 1880, a Constantine ta Aljeriya, shi ma da ido da gilashi.

Baba, dattijon nan na labo, ka zo ranar Asabar da sandarka, idanun da suka yi shekara da shekaru a bakin madubi sun gaji. Akwatin katakon da kake jera gilasanka a ciki, wanda ka miƙo mini ba ka ce komai ba, yana cikin jakar hannuna. Ba zan sa shi cikin kaya ba.

Madubin da Baba ya nuna mini yana da iyaka. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa madubi mai aiki da haske ba ya bambance abubuwa biyu idan tazararsu ta gaza kamar nanomita 200, wato a raba milimita ɗaya gida 5,000 a ɗauki ɗaya. Zoben muna ganinsa, amma ƙananan sassan da ƙwayar masassarar ke kama ƙwayar jini da su ta kutsa ciki sun fi haka ƙanƙanta, sai su haɗe su zama dusu-dusu. Fiye da shekara 100 ana ɗaukar wannan iyaka kamar bango. Stefan Hell na Göttingen ta Jamus da Eric Betzig da William Moerner suka samo hanyar tsallake ta da sinadarai masu walƙiya da hasken leza, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Irin wannan na'urar za a koya mini, kuma ƙwayar masassara zan duba da ita. Na zaɓi haka da kaina, don na san gidajen da ta shiga a unguwarmu.

Malamaina na Jami'ar Abdou Moumouni, ban san ta inda zan fara ba. Shekarun lisans da mastar, kullum ina ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, ku kuka riƙe ni. Malamata da ta duba aikina ta gyara wasiƙar neman bursu har sau biyar, wani gyaran da tsakar dare ta turo shi ta WhatsApp. Abokan karatuna da muka yi ta karɓa-karɓa a kan madubi ɗaya, na san akwai waɗanda suka fi ni kai a cikinku, kuma ina roƙon Allah ya buɗe muku ƙofa kamar yadda ya buɗe mini.

Sai maganar takardu. Wata huɗu na yi ina zarya bayan takarduna sun ɓace a wani ofishi, har na fid da rai. Kawu, kai ka hana ni komawa Tawa. Ka ba ni ɗaki, kana ɗaukata a babur kowace safiya, ba ka taɓa nuna gajiya ba. Yaya, jika hamsin ɗin da ka turo ranar da aka ce in sake biyan kuɗin fassara, na san daga ina ka cire su.

Inna ta sayar da ragonta, ta kwashi adashinta tun kwasarta ba ta zo ba, ƙawayenta suka yarda suka ba ta wuri. Inna, ba ni da kalmar da za ta kai. Cukun da kika ɗaure mini a leda ko ba a bari na shiga jirgi da shi ba, zan ci shi a filin Diori Hamani kafin in tashi.

Jirgina daren Alhamis ne in Allah ya yarda. Wanda na ɓata wa, da sani ko da kuskure, don Allah ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Ina roƙon maƙwabta ku riƙa leƙa Inna, musamman in damina ta kama, ku tuna mata ta sa yara cikin gidan sauro.

'Yarku kuma ƙanwarku.