Layi Biyu A Takardar Sallama

Har yau in na ɗauko takardar sallamata daga sojan Amurka, DD-214, idona kan layi na 7 yake sauka: inda ka shiga aiki, da inda ka ce nan ne gida. Duka biyun New York aka rubuta, don a ɗakin yayana a Bronx nake raɓe lokacin da na sa hannu.

Bayan na tuɓe kaki wani abokin aiki ya ba ni labarin dokar Hazlewood ta jihar Texas: tsohon soja zai yi karatun kiredit 150 (ma'aunin kwasa-kwasan digiri) a jami'ar gwamnati ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, abin da ya rage kuma ya miƙa wa ɗansa. Ban karanta ko shafi ɗaya ba. Na tattara iyali sai Houston.

Da wannan lissafin na yi wa watanni 36 na GI Bill, tallafin karatu da gwamnatin tarayya ke ba tsoffin sojoji, riƙon sakainar kashi. Na fara injiniya, na koma harkar kasuwanci, na sake dawowa. Ina ganin ai akwai rumbu na biyu a bayan gida. Sai da saura wata huɗu na kai takarduna ofishin tsoffin sojoji na makarantarmu. Matar ta ɗora yatsa kan layin nan, ta ce dokar ta waɗanda suka shiga soja daga Texas ce, ko suke mazaunanta a ranar shigar. Zama bayan sallama ba ya ƙirguwa. Har kotu an je kan wannan sharaɗi, a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar wa jihar abinta.

Na fita ina huci, amma daga baya na gane dalilin tsantseninsu. Majalisar jiha ce ta yi alkawarin, jami'o'i ne ke haɗiye kuɗin, abin da ake mayar musu bai kai ba. Wa zai yi maka sassauci da aljihunsa?

Shekarar ƙarshe da bashi na gama ta, ina tuƙin dare. Yanzu duk yaron da ya ce mini zai shiga soja, kafin in tambaye shi rundunar da yake so, sai na ji a wace jiha zai sa hannu. Ni minti biyu ban yi ba wajen cike gurbin nan, adireshin Yaya kawai na rubuta.