Shekara ɗaya da barin birni, ga abin da littafin lissafina ya nuna min

Ina cikin bas ne cunkoso ya riƙe mu, saƙon mai gidan haya ya shigo wayata wai an ƙara kuɗi. Na karanta sau uku ko zan ga kuskure. Babu. Nan take na buga lissafi a waya na ga in na biya wannan sabon kuɗin, kusan rabin abin da nake samu a shekara zai tafi ne a ɗakuna biyu da falon da ko kujeru ba sa juyawa a ciki. Ina isa gida ko takalmi ban cire ba nace wa uwargida, ke nifa na gaji, ƙauye za mu koma. Ta kalle ni tace, Abban yara, yunwa ce, ci abinci tukuna. Na ci, na ƙoshi, maganar dai bata canza ba.

Wata biyar muka yi muna ja-in-ja kafin ta yarda, kuma da sharaɗi ta yarda: duk abin da muka kashe sai an rubuta shi a littafi, komai ƙanƙantarsa, in shekara ta cika a zauna a duba, in babu riba mu tattara mu dawo. Na amince da sauri dan ni a raina na riga na ci wasan. Satin da ya wuce shekarar ta cika, mun zauna mun duba, shi yasa nake wannan rubutun.

Bari in fara da abin da kowa yake hange, wato haya. Eh gaskiya ne ta faɗi warwas. Gidan da muka samu ya fi na birni girma sau biyu, ga fili a baya, kuɗinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba. Ranar da na biya har wani irin sanyi naji a ƙirjina, na dinga jin kaina kamar wanda ya gano wata dabara da ta gagari duniya, tunda ai kowa birni yake tururuwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 yace kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma ana hasashen zuwa 2050 za su kai kashi 68. Ni kuma ga ni na juya akalata baya, ina ganin duk su ne basu waye ba.

To sai wata na biyu ya zo.

Aikina a kwamfuta nake yi, mun yi da wurin aiki cewa sau ɗaya a sati zan dinga leƙowa ofis. Sau ɗaya a takarda kenan. A zahiri kuwa yau taron gaggawa, jibi a zo a sa hannu, gata yaro ba lafiya sai an kai shi wurin likita, wani satin kuma wani ƙarfe ne ya lalace a famfo babu mai sayar da shi sai birni. Sati ɗaya na ƙirga na shiga birni sau huɗu. A da ban da mota kuma ban taɓa jin rashinta ba, dan ko ina na nufa akwai abin hawa a bakin titi, amma a nan in ka rasa motar safe to ranar ta tafi, dole na sayi wata tsohuwa, ita kuma tsohuwar mota a hanya mara kwalta kamar ka auro rigima ne, yau taya gobe shokoba jibi wani ƙara da shi kansa makanike sai ya kasa kunne ya girgiza kai. Shafin da muka ware wa zirga-zirga a littafin shi ya fara cika, har muka ara daga shafin gaba.

Daga baya ne na ci karo da labarin wani manomi Bajamushe mai suna von Thünen, na karanta ina dariya ni kaɗai. Mutumin nan yana da gona a arewacin Jamus, ya shafe kusan shekara goma yana rubuta lissafin gonarsa dalla-dalla, sai a 1826 ya fitar da littafi yana bayanin abin da ya gano: duk yadda ka ƙara nisa da birni ƙasa tana ƙara araha, amma kuɗin kai kaya kasuwa yana ƙara hawa, kusan abin da ka rage a can shi kake biya a nan. Shi yasa a tsarinsa masu madara da kayan lambu suke maƙale da birni dan kayansu ba sa jira, masu itace na bin su, sai masu hatsi, makiyaya kuma can nesa tunda dabba da ƙafarta take zuwa kasuwa. Nace Allah sarki, ashe shekara kusan 200 da suka wuce wani ya gama rubuta abin da ni sai da na sayi taya huɗu na gane. Arahar ƙauye ba kyauta ba ce, kuɗin nisa ne aka cire maka tun farko, saura ya rage naka ka ga ko kai madara ne ko saniya. Wanda aikinsa yake buƙatar a gan shi kullum madara ne, in ya yi nisa tsami zai yi. Ni na ɗauka saniya ce ni, ashe rabi da rabi ne.

Akwai ma wata ƙa'ida da ake yawan faɗa wai kar haya ta wuce kashi 30 na abin da kake samu. Daga Amurka ta samo asali, a dokar gidajen gwamnati ta 1969 kashi 25 ne, a 1981 aka mayar da shi 30. Matsalarta ita ce bata ƙirga hanya. Wata cibiya a Chikago ta gyara lissafin tace a haɗa gida da zirga-zirga wuri ɗaya, kar su biyun su wuce kashi 45. Da wannan ma'aunin na auna tun farko da ban yi ta cika baki a gaban uwargida ba. Mu dai namu ya sauka, ban ce bai sauka ba, amma daga sama da rabi ya dawo wajen kashi 40 ne kawai, ba irin faɗuwar da na yi ta zana mata a takarda ba.

Sai maganar gyara. Gida mai araha a ƙauye akwai dalilin araharsa, Hausawa suka ce araha bata ado. Ruwan farko da aka yi muka kwana muna jan katifa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Rufi, ƙofofi, ramin bayan gida, duk sai da muka taɓa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, ko gidajen nan na Italiya da ake ta yaɗawa a intanet wai yuro 1 kacal, irin na garin Sambuca a tsibirin Sisili da suka yi tashe a 2019, sharaɗinsu a lokacin shi ne ka ajiye yuro 5,000 na jingina kuma ka gyara gidan cikin shekara uku da kuɗinka. A Japan ma ƙidayar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan 9 ne babu kowa a ciki, har a 2023 gwamnati ta fara ba iyalan da suka bar Tokiyo tallafin da zai iya kai yen miliyan 1 kan kowane yaro. In ka ga ana biyan mutane dan su je wuri, ai ka san akwai abin da ya kori na farkon.

Wuta da sabis kuwa, hmm. Tunda da kwamfuta nake ci, sola ta zama dole, faranti da batir da inbata. Sa'ar da aka yi farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2020, da a da ne ko tunaninsa ba zan yi ba, amma batir har yanzu yana cizo. Na sa wannan a layin jari ba a layin asara ba, uwargida tace wayo ne, muka yi ta musu a kai har yanzu ba a raba gardamar ba. Sabis kuma akwai wani wuri ɗaya tak a bayan gida kusa da bishiya da yake kawowa sosai, watannin farko a nan nake taron ofis, na saka riga mai kyau daga sama, kaji na wucewa ta ƙarƙashin kujera.

To in haka ne ina ribar take? Nan ne abin ya ba ni mamaki, dan da muka tattara lissafin shekara mun ga mun ajiye kuɗi, kuma ba kaɗan ba, wajen albashin wata biyu da rabi, mu da a birni wata baya ƙarewa sai da ɗan bashi. Sai dai ba daga haya ribar ta fito ba, abin da haya ta rage mota da gyara da batir sun cinye mafi yawansa. Ribar ta fito ne daga wani shafi da muka sa wa suna "tarkace", wato duk abin da aka saya ba tare da an yi niyya ba tun daga gida. Mun yi wata uku muna rubuta irin wannan kafin mu taso, shi yasa muke da abin kwatantawa. A birni shafin nan cika yake yi ya tumbatsa: ka fito ofis da yunwa ka tsaya ka saya, yara su ga abin wasa a gilashin shago su kafe, abokai su kira a haɗu a wuri kaza, ka gaji da jiran bas ka ɗauki shata, ka ga maƙwabci ya canza labule matarka bata ce komai ba amma kai ka ji shirun. Kowanne ƙarami ne, ba ka jin fitarsa. A nan kuwa babu gilashin da za ka leƙa. In kana son abu sai ka rubuta shi ka jira ranar shiga birni, kuma wallahi rabin abin da muke rubutawa kafin ranar ta zo mun manta dalilin da yasa muke son shi, sai a soke.

Wannan ya ɗan ƙona min rai gaskiya, dan ma'anarsa ita ce ba birnin ne kaɗai yake cin kuɗina ba, ni ma da hannuna a ciki. Uwargida bata bar ni na huta ba, tace to Abban yara ai da mun riƙe littafin nan a can ma da mun ga canji, ba sai mun kwaso kaya mun zo nan muna tare ɗigon rufi da bokiti ba. Ban da amsa. Sai dai nasan kaina, wata ukun da muka yi muna rubutawa a birni rubutawa kawai muke yi, bamu fasa saye ba. Nisa ne ya yi min abin da niyya ta kasa.

Lambun bayan gida kuma kar wanda ya ruɗe ku da hotunan Instagram. Na shuka, na yi ban ruwa, awakin maƙwabta suka yi walima. Da na yi shinge na sake shukawa, abin da na samu in aka cire kuɗin shinge da iri da awannin da na ɓata, saye ya fi araha nesa ba kusa ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo yana kallon yadda na jera shukar, yace ɗana, wannan gona ce ko ado? Nace Baba koyo nake. Yace to ka rage ruwan, kashe su kake yi da so. Tun daga ranar shi ne malamina, kuma shi ya nuna min cewa rabin abin da nake zuwa birni nema akwai mai yinsa a nan kusa, kawai babu allo a ƙofarsa ne, sai ka tambaya.

Abu ɗaya ne littafin bai iya ɗauka ba. Wani dare ƙaramar 'yarmu numfashinta ya dinga sama-sama, ɗan ƙaramin asibitin da ke kusa a rufe, muka kama hanya cikin duhu ana ruwa, tafiyar da a birni minti goma ce ta ɗauke mu sama da awa ɗaya, uwarta na baya riƙe da ita tana ta addu'a ni kuma ina roƙon Allah kar motar nan ta zaɓi yau. Alhamdulillahi ta warke. A littafin abin da aka rubuta na ranar fetur ne da kuɗin magani, layi biyu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni na kawo su nan, kuma na daɗe ban yi barci mai kyau ba bayan wannan daren. Duk wanda yake da mai ciwon da ke tashi ba sallama, ko tsoho a gida, ko mai juna biyu, to ya fara auna nisan asibiti da daddare a lokacin ruwa kafin ya tambayi kuɗin haya.

Makarantar yara ma tana nan tana jiranmu, yanzu suna ƙanana ta kusa ta wadatar, nan da shekara biyu babban zai wuce ajin ƙarshe na nan, daga nan kuma ko makarantar kwana ko jigila kullum, kowanne da kuɗinsa.

Da muka rufe littafin nace mata to, sharaɗi ya cika, riba ta fito, me kika ce? Tace a ƙara shekara ɗaya, amma da sabon sharaɗi: kuɗin da muka ajiye ba za a taɓa shi ba sai dai a canza motar nan, kuma shiga birni sau ɗaya ne a sati ko da famfo zai fashe. Na je na sayo sabon littafi, na rubuta kuɗinsa a shafin farko. Ita kuma ta karɓi biro ta ja kibiya ta mayar da shi layin tarkace, wai tsohon akwai sauran shafi goma sha ɗaya a bayansa.