Ni dai kofin ƙasashe ya fi shiga raina

Da zarar an dakatar da Firimiya da Laliga saboda wasannin ƙasashe, majalisarmu ta ƙofar mai shayi sai ta rabu gida biyu, kuma ɓangarena ne marasa yawa. Yawancin samarin ji suke kamar an ƙwace masu mako biyu. Wani ƙanena, mai goyon bayan Arsenal, yakan ce mini: "Yaya, don Allah me za a kalla? Mutanen da suka haɗu ranar Talata za su buga wasa ranar Asabar, wa ya san inda wani zai tsaya?"

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Kocin kulob yana tare da 'yan wasansa kusan kullum, idan ya ga gurbin da ke yoyo sai ya sa kuɗi ya sayo wani. Kocin ƙasa kuwa 'yan kwanaki ake ba shi, kuma abin da Allah ya hore wa ƙasar da shi zai yi aiki. Ga fargabar rauni, ɗan wasa ya tafi wasan sada zumunta lafiya lau ya dawo da ɗingishi. Mai gidan kallon unguwarmu ma yana da nasa kuka. Daren gasar Zakarun Turai benci cika yake har wasu su tsaya a bakin ƙofa, amma ranar wasan sada zumunta sai ya zuba wa janareta mai saboda mutanen da ba su cika benci biyu ba. A kan wasan sada zumunta ba ni da abin karewa, ni ma sau da yawa barcina nake yi.

Inda muke rabuwa shi ne idan an zo gasar kanta. Rashin damar sayen ɗan wasan da suke kira naƙasu, a wurina shi ne gishirin abin. A 2013 kocin Najeriya Stephen Keshi ya tafi gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu da Sunday Mba, yaron da ke buga gasar cikin gida, wanda da yawa a gidan kallo ba su taɓa jin sunansa ba. Shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, mai su Drogba da Yaya Toure, shi ya sake cin guda ɗayan da aka doke Burkina Faso da ita a wasan ƙarshe. Wane babban kulob ne a Turai zai bar irin wannan yaro ya taka fili a wasan ƙarshe? Haka Nijar. A 2010 Moussa Maazou ya zura wa Masar ƙwallo a Yamai, Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, kuma daga wannan rukuni Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta samu zuwa gasar a karon farko a 2012, ta bar Masar da Afirka ta Kudu a gida. Na san 'yan Maraɗi da ke kasuwanci a nan da har yau idan an taɓo wannan zance fuskarsu sai ta washe.

Sai kuma abin da ke faruwa da gidan kallon kansa. Ranar da Manchester United ke wasa da Liverpool, rabin ɗakin addu'ar faɗuwar ɗaya rabin yake yi, har wasu su daina gaisawa. Ranar da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a kofin duniya na 2018, ɗakin nan gaba ɗaya ya miƙe lokaci guda. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ba ya shiga sai ranar Najeriya, hularsa ta faɗo ƙasa bai ma waiwaye ta ba, sai cewa yake "yaron Pillars ne, yaron Pillars ne". Ba wanda zai faɗi haka a kan Salah ko Haaland, komai son da yake masu. Mun ga Ahmed Musa yana gudu a filin Sani Abacha kafin duniya ta san shi. Mu da muka ɗan manyanta kuma muna tuna Garba Lawal a wasan Sifaniya na 1998, da Tijjani Babangida da ya ci Afirka ta Kudu biyu a Legas a 2000, dukkansu 'yan Kaduna.

Wasu a majalisar suna cewa sun daina bin Super Eagles ne domin yanzu da wuya ka ga ɗan Arewa a cikin sha ɗayan farko, ga rigimar alawus da ba ta ƙarewa. Wannan ƙorafin yana ci mini rai ni ma. Amma a gasar Afirka da aka buga a farkon 2022, da aka ajiye Najeriya a Garwa da ke arewacin Kamaru, filin nan tamkar a gida muke, kuma ba wanda ya tsaya tambayar garin su Iheanacho lokacin da ya ci Masar. Mun cinye wasa uku na rukuni, Tunisiya ta zo ta kore mu da ɗaya mai ban haushi. Ciwon wannan daren ya fi na duk wata faɗuwar kulob, saboda kulob yana da Asabar mai zuwa, ƙasa kuwa sai ta jira shekaru.

Abin da ya fi damuna yanzu yara ne. Ghana ta hana mu zuwa kofin duniya na 2022 a Katar da kunnen doki ɗaya da ɗaya a Abuja, sannan Kwango ta fitar da mu daga neman gurbin 2026 da bugun fenariti, duk da an faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48. Yaron da aka haifa a 2015 bai da wayo lokacin wasan Iceland, ke nan bai taɓa ganin Najeriya a kofin duniya da hankalinsa ba. Ɗan maƙwabcina yana iya jero 'yan wasan Real Madrid har da na benci, amma da na ce ya kawo mini 'yan Super Eagles biyar, daga Osimhen da Lookman sai ya tsaya.