Daren da Mushtari ya kusanci Zuhal

Ranar 21 ga Disamba, 2020, mu 'yan ƙungiyar masu kallon taurari muka taru a wani fili a bayan garin Zariya, da madubin hangen nesa guda ɗaya tak wanda muka yi karo-karo muka saya. A daren ne Mushtari da Zuhal, manyan duniyoyi biyu masu kewaya rana, za su kusanci juna a ganin ido, kusancin da rabonsu da irinsa tun 1623. Ga lokaci a ƙure, domin da magariba suna can ƙasa-ƙasa ta yamma, bayan kamar awa biyu kuma sun faɗi.

Muna idar da salla hazon hunturu ya tokare yamma, jawur. Raina ya ɓaci, har na fara kwance ƙafafun madubin. Dattijon cikinmu, tsohon malamin makaranta ne, ya dafa ni ya ce, "Yaro, bar shi a saite. Hazo tafiya yake yi. In ya buɗe, ba zai jira ka ɗaura ba."

Shi ya fahimtar da ni cewa hazo ya fi kauri a gindin sama, saboda hasken da ke zuwa daga can sai ya ratsa iska da ƙura masu yawa kafin ya iso ido. Tsakar ka kuwa da sauƙi. Muka ɗaga kai, sai ga rabin wata fes, duniyar Marrihi na ja gabas da shi, Kaza da 'Ya'yanta sun taso ta gabas. Duk suna nan tun ɗazu, ni ne na ƙura wa wuri ɗaya ido. Ya kuma hana mu taɓa waya, don ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, haske ɗaya kuma ya mayar da aiki baya. Wannan ya fi komai yi mana wuya.

Ana gab da kiran isha'i iska ta kaɗa, hazon ya yi shara-shara. Da yake madubin na tsaye, ɗan gyara kawai aka yi. Na sa ido: ga Mushtari da watanninsa a jere, waɗanda Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani a 1610, ga Zuhal da zobensa, ɗan mitsitsi, duka a cikin da'ira ɗaya. Kai ka ce maƙwabta ne, alhali tsakaninsu ya fi kilomita miliyan 700. Na yi tasbihi ban san ya fito fili ba.

Buɗewar ba ta kai minti goma ba. Muka yi layi, kowa ya leƙa ya matsa. Na ƙarshe wani yaro ne mai kiwo da ya tsaya kallonmu tun da yamma, dattijon ya ɗaga shi ya kai idonsa bakin madubin. Yana sauka hazon ya sake rufewa.