Na Kalli Fim Ɗin Shaihu Umar

Daren jiya na kalli fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, kuma har yanzu jikina a sanyaye yake. Tun ina makaranta na karanta littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934 da aka ɗauko labarin fim ɗin daga cikinsa, amma sai da na ga ayarin bayi yana ratsa hamada na fahimci nauyin wahalar da marubucin ya taƙaita cikin shafuka kaɗan. Duk da haka, muryar Umar, dattijon da ke ba almajiransa labarin rayuwarsa cikin natsuwa, ta fi ratsa ni a takarda, musamman wurin mahaifiyar da ta ƙare ƙarfinta wajen neman ɗanta.