Inna ba ta san da hannun ba

Ranar Juma'ar da ta wuce, ina zaune a tahiya, na zo ɗaga manuniya kamar kullum, sai na tuna babu ita. Wata bakwai ke nan, har yau jikina bai yarda ba. Bayan sallama wani dattijo ya miƙo min hannu, ya riƙe abin da ya saura, ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa, ya daɗe yana kallo. "Sannu, ɗana," ya ce. Gara a ce zagina ya yi.

Daga Daura na taso, na bi ta Kongolam da Matamai na shigo Damagaram da jakar sifanu. Zuwan bai yi min wuya ba. Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, sai lissafin kuɗi da ya wahalar da ni: a ce maka dala ashirin, ashe sefa 100 ake nufi. Wani Alhaji mai injinan matsar man gyaɗa ya ɗauke ni gyara. Yaran wurin suna ce min Injiniya, ni kuwa kaina ya kumbura. Injin da ya gagari mutum uku, da kunne nake gano ciwonsa.

Ran da abin ya faru an ɗauke wuta. Bel ya kwana biyu yana zamewa, na ce bari in yi amfani da damar. Na buɗe murfi, na zura hannu tsakanin bel da fuli ina kankare tunkuzar da ta daskare. Makunnin na kunne, ban sauke shi ba, don a tunanina babu wuta ai babu wuta. Sai aka kawo ta. Ban ji zafi ba da farko, ƙarar motar injin kawai na ji, da ihun yaron da ke riƙe min da fitila. Kwaɗo guda a jikin akwatin makunni, makulli a aljihuna, da yanzu da hannun dama nake wannan rubutu. Sau nawa na ce a sayo kwaɗon? Sau ɗaya, kuma da wasa na faɗa. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Abin da ban ɗauka ba shi ne na bayan. Alhaji ya biya kuɗin asibiti, ya damƙa min jika hamsin, ya ce ƙaddara ce. Na yi godiya har da durƙusawa. Sai daga baya wani maƙwabcina a Zango, tsohon ma'aikaci, ya tambaye ni lambata ta CNSS, asusun inshorar ma'aikata na Nijar. Wace lamba? Ya ce nan Nijar mai aiki shi ke yi wa ma'aikaci rajista a asusun, shi ke zuba kuɗin hatsarin aiki, kuma in aka ji rauni dole ya kai rahoto cikin awa 48. Asusun ya biya magani, ya biya kwanakin jinya, in nakasa ta tabbata a yanka wa mutum kuɗin da zai riƙa karɓa. A gida Najeriya ma akwai irinta, dokar 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, kashi 1 cikin 100 na albashi mai aiki ke zubawa. Shekara tara ina gyaran inji a Daura ban taɓa jin labarinta ba.

Na koma wa Alhaji da maganar. Ya ce, "Haba Injiniya, tsakaninmu har sai takarda?" Maƙwabcin nawa ya ce in je wurin sufeton ƙwadago, shi maƙwabcin ya rubuta min koke da Faransanci. Da ya gama ya turo min tawada in dangwala. Muka dubi juna. Da na hagu na dangwala, kuma takardar tana nan ƙarƙashin katifa, don har yanzu a shagon Alhaji nake kwana.

Inna ba ta sani ba. In muna waya ta bidiyo da hagu nake riƙewa, damar tana cikin aljihun riga. Ta ce na rame, na ce ruwan Damagaram ne, ta yi dariya ta ce ai dama sai an saya. Ƙanwata Allah ya kawo miji, an sa biki bayan girbi, kuma ni ne zan yi gado da katifa. Inna ta ce in taho da wuri, injin markaɗen tsakar gida ya tsaya tun azumi, ta hana kowa taɓa shi sai na zo.